Bushin roba ko na foli: wanne ya dace da BMW E46 a titunanmu?

Abba Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar manya. Motata BMW 330Ci ce, E46, ƙirar 2003, mai giyar hannu. Kwanan nan in na taka birki ina kan gudun 80 zuwa 100 sai sitiyari ya riƙa karkarwa a hannuna, in na faɗa gargada kuma sai in ji ƙara daga ƙasan ƙafata. An yi balansin, an canza faifan birki na gaba, abin bai tafi ba. Yanzu bakanike ya ce bushin ɗin lowa am ne suka mutu, wato robobin da ke tsakanin jikin mota da hannun ƙasa mai riƙe tayar gaba, har ya nuna min wani baƙin ruwa da ya zubo ya bushe a jikinsu. Bayan motar ma yana ɗan lilo in na saki totur a cikin kwana. Wani abokina ya ce in daina wahala da roba, in yi odar cikakken saitin bushin na foliyuritan, wanda ake ce wa foli, in canza gaba da baya a lokaci guda in huta. Kuɗin ba kaɗan ba ne, shi ya sa nake tambaya kafin in tura. Da ita nake zuwa aiki kullum, wani lokacin in hau hanyar Kaduna.

Nura Abuja:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya gaya maka gaskiya. Tawa E36 ce, ƙirar BMW da ta gabaci E46, foli ne a jikinta ko'ina, kuma tun da na saka ban sake komawa kan maganar bushin ba. Sitiyari ya zama abin da ka ce masa shi yake yi, babu wannan jinkirin da kake juyawa motar tana tunani. Roba a zafin ƙasar nan ɓarnar kuɗi ce. Ka saka baƙin foli na kamfanin Powerflex ka manta.

Oga Sani Kaduna:
Malam Abba, bakanikenka ya gano ciwon gaba daidai. Bushin ɗin da ke bayan lowa am na E46 ba roba zalla ba ne, akwai ruwa a cikinsa don ya shanye jijjiga. In robar ta tsage ruwan ya tsiyaye, shi ke nan, hannun ya samu wurin wasa, da ka taka birki tayar sai ta ja baya ta dawo, shi ne karkarwar da kake ji. Wannan ciwon duk mai E46 ya san shi.

Amma maganar a canza duka motar da foli, ban goyi baya ba. Bushin ɗin motar nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai inda foli ya fi roba nesa ba kusa ba, akwai inda zai ɓata maka motar da kake so ka gyara. Nura motarsa ta wasa ce, ranar Lahadi yake fito da ita ya ƙona taya ya mayar. Kai kuma da safe za ka bi ta Kabuga da ita ka tafi ofis.

Nura Abuja:
Oga Sani, ai ina hawa tawa cikin gari ma.

Oga Sani Kaduna:
Cikin garin Abuja, Nura. Ka kawo ta hanyar unguwarmu da damina mu gani.

Abba Gwale:
Oga, don Allah a fayyace min. Ni a tunanina bushin bushin ne, ɗaya dai ya fi ɗaya tauri.

Oga Sani Kaduna:
To a nan mutane ke ruɗewa. Ka ɗauki bushin roba na kamfani ka duba shi da kyau. Akwai bututun ƙarfe a tsakiya inda noti ke wucewa, akwai gwangwanin ƙarfe a waje, robar kuma a manne take da su biyun tun daga masana'anta. Babu abin da ke zamewa a ciki. In taya ta hau ta sauka, robar ce ke murɗewa, kamar yadda ake murɗa tsumma a matse ruwa, sannan ta warware ta dawo. Shi ya sa ba ya buƙatar giris, ba ya kuka, ƙura ba ta da inda za ta shiga. Kuma saboda roba ce, tana iya lanƙwasa ta kowane ɓangare, sama da ƙasa, gefe da gefe, har a karkace.

Na foli ba haka yake ba. Ba a manne yake da bututun tsakiya ba. Bututun juyawa yake yi a cikinsa, wato ƙarfe na gogar foli duk lokacin da taya ta motsa. Dole sai da giris. In wurin juyi ɗaya kawai yake buƙata, a layi ɗaya, to foli zai yi aikin da kyau, ya riƙe hannun cak. In kuwa wurin yana buƙatar ya juya kuma ya karkace a lokaci guda, foli ba ya yarda, sai ya cije.

Injiniya Zainab:
Bari in ƙara kan abin da Oga Sani ya faɗa, tunda harkar roba da robobi ita na karanta. Foliyuritan ba sabon abu ba ne, Otto Bayer da abokan aikinsa ne suka fara haɗa shi a Jamus a 1937, kuma iri-iri ne. Katifar soso da muke kwanciya a kai ma danginsa ce. Saboda haka in an ce maka "na foli ne" ba a gaya maka komai ba tukuna, sai ka tambayi taurinsa. Ana auna shi da ma'aunin Shore A, in lambar ta ƙaru tauri ya ƙaru. Robar da kamfanonin mota ke sakawa yawanci tana tsakanin 50 da 70. Powerflex na Ingila suna da ruwan ɗorawa mai 70, da shunayya mai 80 wanda suka yi don titi, da baƙi mai 95 wanda suka yi don filin tsere. Wannan baƙin da Nura ke cewa a saka, su kansu masu yin sa ba don motar zuwa ofis suka yi shi ba.

Kuma kada launi ya yaudari kowa, kowane kamfani da nasa tsarin. A wurin Strongflex na Foland ja shi ne 80, ruwan ɗorawa kuma 90. Ka ga launin da ya fi laushi a Powerflex shi ne ya fi tauri a Strongflex. Lamba za ka duba.

Inda foli ya yi wa roba fintinkau shi ne jure mai. Baƙin mai ko man sitiyari in yana ɗiga a kan roba, kumbura take yi ta yi laushi ta mutu da wuri. Injin M54 da ke cikin motarka kuwa, in ya tsufa, da wuya ka same shi ba ya yoyo ta murfin sama ko ta gindin gidan filta. Foli bai damu da wannan ba sosai, kuma ba ya tsattsagewa saboda iska da rana yadda roba ke yi. Sai dai shi ma yana da maƙiyi. Akwai nau'in da zafi haɗe da laima ke cinye shi a hankali har ya fara marmashewa, kuma a kaya masu araha marasa suna aka fi cin karo da shi.

Baba Ɗanlami:
Yara kuna ta lissafin lamba. Mu a zamanin Fijo 504, in bushin ya mutu, wurin masu yankan taya muke zuwa, a yanko daga tsohuwar tayar babbar mota a buga, mota ta kama hanyar Jos. Har yau suna nan suna yi. Me zai sa yaro ya tura kuɗi Turai saboda roba?

Oga Sani Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma. Na taya ya ceci mutane da yawa, ni ma na buga shi a motocin haya ba adadi. Amma ba a motar nan ba. Lowa am ɗinta alminiyon ne, kuma ƙarshensa da ke shiga cikin bushin ba zagaye yake ba, kusurwa shida gare shi. In aka yanko taya aka cusa da guduma, ba zai zauna a tsakiya ba, tayar hagu da ta dama kowacce ta kama gabanta. Motar da ke da doki sama da 200, yaro zai taka ta a hanyar Zariya, ba zan sa hannuna a wannan aikin ba.

Haka nan wannan farin abin da masu injin sassaƙar ƙarfe ke feƙewa suna ce masa foli. Ba foli ba ne, roba ce mai tauri wadda ba ta lanƙwasa sam. Duk dukan da rami ya yi, kai tsaye zai wuce ya sauka a kan bal-joyin, wato gaɓar nan mai ƙwallo da hannun ke juyawa a kanta, da jikin mota.

Baba Ɗanlami:
To na ji. Ku da motocinku na zamani. Amma dai a duba bal-joyin ɗin kafin a kashe kuɗi, don sau da yawa tare suke mutuwa.

Oga Sani Kaduna:
Wannan gaskiya ne Baba. Kuma a E46 na ciki a jikin hannun yake, in ya yi wasa yawanci hannun gaba ɗaya ake canzawa.

Mukhtar Jamus:
Ina biye da ku tun ɗazu. Abba, bari in yi maganar lilon da ka ce kana ji a baya, don ni shi ya fi tayar min da hankali a kan karkarwar sitiyari.

Kowace tayar baya akwai dogon hannu da ke jan ta, wanda kansa ke maƙale a jikin mota ta gaban tayar. Bushin ɗin da ke kan hannun nan shi ke riƙe saitin bakin taya. In ya mutu, da ka ba ta wuta tayar za ta kalli wani wuri, da ka saki ta kalli wani wurin, sai ka ji kamar wani ne ke tuƙa bayan motar. To a nan ne fa masu cikakken saiti ke shiga matsala. Hannun nan ba sama da ƙasa kawai yake yi ba. Akwai wasu hannuwa biyu na gefe, na sama da na ƙasa, da ke jan sa a karkace duk lokacin da tayar ta motsa. Wato irin wurin da Oga Sani ya ce foli na cijewa. In ya cije, bayan motar zai ƙi bin ƙasa yadda ya kamata, a kwana mai gargada sai ta riƙa tsalle, kuma ƙarfin da bushin ya ƙi shanyewa yana komawa kan aljihun da hannun ke ɗaure a jikin mota.

Abin da masu E46 da yawa ke yi a nan shi ne su saka na roba mai kyau, irin na kamfanin Lemförder ko wanda aka yi wa M3, wato E46 ɗin da ta fi ƙarfi, sannan su ƙara wasu faifai guda biyu a gefe da gefensa da ke hana shi zamewa hagu da dama. Robar na nan tana karkacewa yadda aka tsara ta, wasan banza kuma ya ragu. Masu zuwa filin tsere sosai su kan saka na ƙarfe mai ƙwallo a ciki, amma wannan ba ya son ƙura ko kaɗan.

Nura Abuja:
Mukhtar, ni foli ne a wannan wurin kuma motata ba ta tsalle. Kamfanonin da ke yin sa ai ba mahaukata ba ne, da yana fasa mota da sun daina sayarwa.

Mukhtar Jamus:
Ban ce duk wanda ya saka motarsa za ta fashe ba. Kai so kake bayan ya zame, kuma a fili mai santsi kake yi, motarka an sauke ta ƙasa, tayar ba ta da wata doguwar tafiya sama da ƙasa. Abba so yake bayan ya kama ƙasa a kan kwalta mai faci. Gardamar nan ko a tsakanin Turawa ba ta mutu ba, akwai masu rantsuwa da foli a wurin. Ni dai abin da na gani a yadda hannun ke motsi shi na faɗa.

Abba Gwale:
Na fara fahimta. To gadon da ke ɗauke da aksul na baya fa? Saitin da aka turo min hotonsa akwai manyan bushin guda huɗu nasa, da wasu uku na tukunyar aksul.

Mukhtar Jamus:
Kafin ka sayi ko ɗaya a cikinsu, ka sa a ɗaga motar a wanke ƙasan da kyau, a haska fitila inda gadon nan ke ɗaure da jikin mota. E46 ta yi ƙaurin suna wajen tsagewar ƙarfen wurin, har ƙara masu motar suka shigar a Amurka a kan haka. An fi samun tsagar a maɗaurin baya na hagu. Da farko siririn layi ne kamar gashi a cikin fenti, wani lokacin sai ka ga tsatsa ta bi layin, ko ɗigon walda na kamfani ya ɓalle. Mai giyar hannu da ake fizga da ƙarfi ta fi shiga haɗari. In akwai tsaga, babu bushin ɗin da zai yi maganinta, sai an sauke gadon, an sauke tankin mai, an yi walda an ƙara faranti. In wurin lafiya lau yake, to foli mai 80 a waɗannan huɗun ba laifi, domin ba juyawa suke yi ba, zama kawai suke, ba ruwansu da giris ko kuka.

Na tukunyar aksul kuwa, ka bar su roba. In ka saka mai tauri, kukan haƙoran aksul zai shigo cikin mota, ka yi ta jin "wuuu" tun daga Kwanar Dangora har Kaduna.

Isuhu Maraɗi:
Sallama gare ku. Ni abin da ban ji kun taɓo ba shi ne ƙura. Nan wajenmu in hunturu ya kama, giris ɗin da ke baki-bakin bushin ƙasa yake kwasa. Na ga wata mota da aka kwance, bututun tsakiyar ya sha gurza har ya yi siriri a gefe ɗaya, ramin folin kuma ya buɗe ya zama kamar ƙwai. Mai ita ya ce ai ce masa aka yi ba ya mutuwa.

Injiniya Zainab:
Malam Isuhu ya taɓo inda ya fi shafar mu. Folin kansa zai iya daɗewa, amma giris da ƙura in suka haɗu gurza suke yi. Wanda ya saka shi a wurin da ke juyawa ya san ya ɗauki aikin kwancewa lokaci-lokaci a wanke a sake shafawa. Kuma a yi amfani da giris ɗin da ya zo a cikin kwalin, mai silikon, mai danƙo, wanda ruwa ba ya wanke shi da wuri. Baƙin giris na gareji ba ya zama a wurin. Masu wankin mota da injin feshi su ma suna taimakawa wajen kore shi in suka saita bakin ruwan a kai. Da ka fara jin ƙiiƙii da safe in ka hau tudun rage gudu, ya bushe ke nan.

Oga Sani Kaduna:
Malam Abba, ga yadda zan yi in motar a hannuna take. Gaba, bushin ɗin lowa am, a nan zaɓi biyu ne kuma duka masu kyau. Ko foli mai 80, ko roba zalla marar ruwa irin Meyle HD. Foli zai ba ka sitiyari mai kaifi kuma mai ba zai kashe shi ba, amma za ka riƙa jin kowane facin kwalta a tafin hannunka, in faifan birki ko taya na da 'yar matsala kuma ba zai ɓoye maka ba. Ka sa a auna gidan tsohon bushin ɗin kafin oda, akwai mai milimita 60 na motocin farko, akwai mai 66 na baya-baya. Taka ya kamata ta zama 66, amma motocin Kwatano ba a rantsuwa a kan abin da aka taɓa saka musu. Na sandar balans, wadda ke hana mota kwanciya a kwana, su ma foli ya dace da su, kuma kwance su a shafa giris ba wuya. Dogon hannun baya, roba da faifai kamar yadda Mukhtar ya ce.

Sai maganar aiki, don kaya masu kyau a hannun da bai iya ba asara ce. Kada ka bari kowa ya kawo wuta kusa da alminiyon da sunan ƙone tsohuwar roba, akwai abin zarewa, akwai injin dannawa. Farantin da ke ƙasan injin, wanda ake cirewa kafin a kai ga bushin ɗin gaba, ba murfin ƙura ba ne, yana cikin abin da ke riƙe gaban motar. A mayar da shi, kuma notinansa irin waɗanda ake ɗaurawa sau ɗaya ne, a sayi sababbi. A baya kuma, gidan bushin ɗin dogon hannu noti uku ke riƙe shi, kuma da shi ake saita bakin tayar baya. A zana alama a kewayensa kafin a kwance. Duk bushin roba da aka saka, a ɗaure shi a yanayin da zai zauna in mota na tsaye da nauyinta a kan tayoyi. In aka ƙulle shi taya na reto a kan jak, da an sauke motar robar ta riga ta murɗe, a haka za ta zauna har ta yage.

Nura Abuja:
To ka ga wannan wahalar ta ƙarshe babu ita a foli, tunda juyawa yake. Ko a sama ka ɗaure shi babu abin da zai same shi.

Oga Sani Kaduna:
Wannan na ba ka, Nura.

Abba Gwale:
Allah ya saka da alheri, kun hana ni tura kuɗin cikakken saiti. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a wanke ƙasan a duba tsagar nan tukuna. In babu, zan ɗauki shunayya na gaba da na sandar balans, baya kuma roba. Tambaya ɗaya ta rage. Lemförder ɗin da ake sayarwa a Ƙofar Ruwa, yaya zan gane na gaske?

Oga Sani Kaduna:
Kwali ba hujja ba ne, ana buga shi. Ka fito da kayan ka duba jikinsu. A na gaske za ka ga tambarinsu a jikin kayan, tsaf, ba dishi-dishi ba. Ka duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, kada ka ga ɓaraka ko kumfa, ka danna da farce ka ji ko ta cika laushi. In farashin ya faɗi ƙasa sosai da na sauran shaguna, ka ajiye masa abinsa. Ka tafi da bakanikenka da tsohon da aka cire a gwada su gefe da gefe.

In an gama kuma kada ka hau babbar hanya sai an yi alaimen, wato saitin bakin taya, na taya huɗu a wurin masu kwamfuta. Masu igiya gaba kawai suke saitawa, taka kuwa an taɓa bayanta. Ka ce su buga maka takardar kafin da bayan saiti, ka ɗauko hotonta mu duba lambobin baya tare.